Yadda ake samun kuɗin Canada Media Fund ta hanyar haɗa kai da gidan talabijin

Kusan duk wani ɗan uwa mai harkar fim da ya samu takardar zama a Kanada sai ya yi min wannan tambayar, wai ya ji ana cewa gwamnati na ba masu shirya fim kuɗi a nan, ina ake zuwa a cike fom ɗin? Toh gaskiya ne ana bayarwa, kuma kuɗi ne ba na wasa ba, amma fom ɗin shi ne abu na kusan ƙarshe. Kuɗin na asusun ne, makullin kuma galibi yana hannun gidan talabijin, in ba ka gane wannan tun farko ba sai ka ɓata shekara guda kana ƙwanƙwasa ƙofar da ba ta buɗuwa daga waje. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi daki-daki yadda na koya, don wasu abubuwan sai da na sha wuya kafin na gane su.

Bari mu fara da sanin waye mai kuɗin. Sunan asusun Canada Media Fund, kowa CMF yake cewa, ya fara aiki ranar 1 ga Afrilun 2010 bayan an haɗe tsoffin asusu biyu, na talabijin da na sababbin kafafen intanet. Kuɗinsa daga wuri biyu yake zuwa. Akwai na gwamnatin tarayya ta ma'aikatar raya al'adu, sannan akwai na kamfanonin kebul da satalayit irin su Rogers da Bell da Vidéotron, waɗanda CRTC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin a ƙasar, ta wajabta musu ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigarsu don shirye-shiryen ƙasa, kaso mai tsoka daga ciki asusun nan yake faɗawa. A shekara abin da ake rabawa ya haura dalar Kanada miliyan 300. Kaso mafi girma na ayyukan Turanci ne, na Faransanci kuma ke bi masa. Da mutane suka riƙa yanke kebul suna komawa kallo ta intanet sai kason kamfanonin ya yi ta raguwa, shi ya sa a kasafin 2018 gwamnati ta ƙara miliyan 172 na shekara biyar don cike giɓin, daga baya kuma aka yi dokar da ake kira C-11 a Afrilun 2023 don a jawo manyan kamfanonin kallo ta intanet su ma su sa hannu a aljihu. Masu karɓar takardunka da duba su kuwa ma'aikatan Telefilm Canada ne, hukumar gwamnati mai tallafa wa fina-finai, su ke gudanar da shirye-shiryen a madadin asusun.

Yanzu ga inda kan mutanenmu yake ɗaurewa. Mu abin da muka saba a gida, furodusa ya gama shirinsa da kuɗinsa ko na wani alhaji, sannan ya je gidan talabijin ya sayi lokaci, ya bi kamfanoni yana neman talla. A nan abin a juye yake. Gidan talabijin ne zai biya ka kuɗin lasisi don ya samu izinin nuna shirinka, tun kafin ka ɗora kyamara, kuma wannan biyan da ya yi alƙawari shi ke buɗe maka kuɗin asusun. A farkon kowace shekarar kuɗi CMF tana ware wa kowane gidan talabijin wani adadi da suke kira ambulan. Kuɗin ba ya shiga akawun ɗin gidan, yana nan a hannun asusun, amma gidan ne ke cewa daga ambulan ɗina a ba wane kaza, a ba wance kaza, sai asusun ya biya furodusa kai tsaye. Girman ambulan ɗin kowa ya danganta da abubuwa kamar yawan masu kallon shirye-shiryen da ya saya a baya, da yadda ya saba zuba kuɗi, da ko yana sayen ayyukan da aka yi a wajen manyan birane. Ka riƙe wannan na ƙarshen, za mu dawo kansa.

Mataki na farko, ka duba kanka kafin ka duba kowa. Kai ɗan ƙasa ne ko mai takardar zaman dindindin? In eh, toh a idon wannan tsarin kai ɗan Kanada ne, ba sai ka jira fasfo ba. In kuwa da bizar karatu kake ko ta aiki, ba za ka iya zama mai riƙe da kamfanin da zai nemi kuɗin ba tukuna, kuma don Allah kar ka ce za ka ari sunan wani aboki ka sa a takarda kai kana juya komai a bayan fage, suna duba wanda ke da iko na gaskiya a kan kuɗi da labari, in suka gano sai ka rasa komai har da sunanka. Gara ka yi aiki a ƙarƙashin wani furodusa ka koyi hanya kafin takardunka su fito. Sannan ka yi rajistar kamfani mai neman riba wanda ikonsa ke hannun 'yan Kanada kuma hedikwatarsa na cikin ƙasar. Yawancin furodusoshi suna da uwar kamfani ɗaya, sai kowane shiri a buɗe masa ƙaramin kamfani nasa da akawun ɗin bankinsa daban, saboda lissafi ya fita tsaf.

Mataki na biyu, shirin naka yana cikin irin waɗanda ake ba kuɗi kuwa? Kala huɗu ne kawai: wasan kwaikwayo har da na barkwanci, dokumentari, shirin yara da matasa, sai na nishaɗin dandali irin waƙe-waƙe da wasannin fage. Labarai ba sa ciki, wasannin motsa jiki ba sa ciki, shirin hira a sitidiyo, gasar kacici-kacici, koyar da girki ko kwalliya, bidiyon waƙa, shirin wa'azi, duk ba sa ciki. Na san da yawa daga cikinmu abin da ke ransu ke nan, shirin hira da 'yan Afirka mazauna ƙetare ko na girke-girken gida, kuma shiri ne mai amfani wallahi, sai dai ba wannan asusun ba ne wurinsa. Amma fa wani lokaci gyaran tunani kawai ake buƙata. Shirin da ake koya yadda ake tuwo da miyar kuka ba zai wuce ba, amma dokumentari a kan wata uwa a Winnipeg da ke fafutukar buɗe gidan abinci tana rainon yara uku cikin sanyin da ke daskarar da gashin ido, wannan labari ne, yana da farko da tsakiya da ƙarshe, zai iya wucewa.

Sai maganar maki, wadda ita ce ke kayar da mutane da yawa. Akwai ofishin da ake kira CAVCO mai tantance ko shiri na Kanada ne, yana da ma'auni mai maki 10. Darakta maki 2, marubuci maki 2, babban jarumi 1, mai bi masa 1, shugaban masu ɗaukar hoto 1, mai tsara wurare da kayan shiri 1, mai kiɗa 1, edita 1. Don samun rangwamen haraji maki 6 sun isa, amma CMF 10 cif take so, ko kuma iyakar makin da irin shirin zai iya samu, misali dokumentarin da ba shi da jarumai ba za a tambaye ka makinsu ba. Ma'ana in ka ce lallai sai wani fitaccen jarumi daga Kano ko Legas ne zai ja shirin, ko ɗan uwanka da ke Kaduna ne zai yi editin saboda ya fi araha, ka faɗi tun a nan. Ana kuma son shirin a ɗauke shi galibi a Kanada kuma labarin ya faru a can, sai dai dokumentari ana masa sassauci in labarin da kansa ya kai ka waje, kamar a ce kana bin wani matashi da aka haifa a Calgary zai je Zinder ganin kakarsa karon farko. Haƙƙin mallakar labarin ma dole ya zama a hannunka a rubuce. In littafin wani ne, ka samu yarjejeniya. In labarin rayuwar wani ne, ya sa hannu. "Ai ɗan uwana ne ya ce in yi" ba takarda ba ce, lauyan gidan talabijin sai ya ga sarƙar mallaka tun daga wanda ya fara tunanin har zuwa kamfaninka ba tare da ko mahaɗi ɗaya ya ɓalle ba.

Mataki na uku shi ne zuciyar aikin, neman gidan da zai ɗauke ka. A nan zan daɗe.

Kafin ka tura wa kowa imel, ka zauna ka yi sati biyu uku kana kallon abin da suke nunawa. CBC da Radio-Canada su ne na gwamnatin tarayya kuma su ke da ambulan mafi girma, suna da CBC Gem da ICI Tou.tv a intanet. Bell Media na da CTV da Crave, Corus na da Global, Rogers na da Citytv da OMNI, a Kebek akwai TVA da Télé-Québec. Sai ƙananan da ni na fi ba sabon shiga shawarar ya fara da su: TVO da TFO a Ontariyo, Knowledge Network a British Columbia, AMI mai shirye-shiryen masu buƙata ta musamman. Waɗannan ambulan ɗinsu bai kai na manya ba amma suna sayen dokumentari da shirin yara sosai kuma ana iya samun mutum ya saurare ka. CMF tana wallafa jerin ambulan ɗin kowane gida a shafinta, da jerin ayyukan da aka ba kuɗi, ka sauke su ka karanta kamar mai shirin jarrabawa, a nan za ka ga wa ke sayen irin naka.

Lokaci kuma yana da muhimmanci fiye da yadda kake zato. Shekarar asusun tana farawa 1 ga Afrilu ta ƙare 31 ga Maris, kuma gidajen sukan riga su yi alƙawarin yawancin ambulan ɗinsu tun kafin shekarar ta yi nisa. Ni karon farko a watan Janairu na je wa wani gida da shirina, na sha jirgin ƙasa cikin dusar ƙanƙara da fayil ɗina a jaka, matar da ke sayen dokumentari ta saurare ni tsaf har ta ce in sake kunna mata tirelar, ta kalla sau biyu, sannan ta rufe kwamfutar ta ce labarin ya taɓa ta amma ambulan ɗin bana ko sisi bai rage ba, na baɗi ma an yi magana a kan fiye da rabinsa. Haka na dawo gida, shirin ya kwanta wata goma sha huɗu. Da na san haka da tun bazarar da ta wuce na fara magana da ita. Don haka ka fara zawarcin gida shekara guda kafin lokacin da kake son ɗauka.

A ina ake haɗuwa da su? Akwai bikin Hot Docs a Toronto wajen ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu ga masu dokumentari, akwai taron Banff a Alberta a watan Yuni, akwai Prime Time da ƙungiyar furodusoshi CMPA ke shiryawa a Ottawa a farkon shekara. Tikitin shiga da tsada, amma akwai tallafin halarta da ake ba sababbi da baƙaƙen fata, ka bibiyi Black Screen Office, ƙungiyar da ke tallafa wa baƙaƙen fata masu harkar fim wadda aka kafa a 2020, don irin waɗannan sanarwar. A wuraren nan ana ba ka minti goma ko sha biyar da mai sayen shiri, tebur ƙarami, kofin kofi, ga wani na tsaye a bayanka yana jiran layinsa. Kar ka cinye lokacin da gaisuwa da tarihin rayuwarka kamar yadda muka saba, ka gaisa a taƙaice ka faɗi labarin cikin jimla biyu, waye jarumin, me yake so, me ya tare masa hanya, sannan ka faɗi dalilin da ya sa masu kallon wannan gidan musamman za su tsaya su kalla. Ka riƙe takarda mai shafi ɗaya, da cikakken bayani mai shafi kamar goma da hotuna, da ɗan bidiyo na minti biyu zuwa uku in dokumentari ne, in wasan kwaikwayo ne kuma rubutun kashi na farko. Za su tambaye ka nawa ne bajet, ka san amsar a ka.

Wata gaskiya mai ɗaci: gidan talabijin ba ya son damƙa dubban ɗaruruwan daloli ga wanda bai taɓa kai aiki ƙarshe a Kanada ba, ko da ka yi fim ashirin a gida. Mafita ita ce ka haɗa kai da gogaggen furodusa wanda suka sani, shi ya tsaya maka. Amma ka ɗauki lauyan harkar nishaɗi naka na kanka kafin ka sa hannu a komai, a rubuta kason mallakarka, da sunanka a jikin shirin, da wanda ke da maganar ƙarshe a kan labari. Na ga 'yar uwa da ta kawo labarin garinsu ta wayi gari sunanta na can ƙasa a matsayin mai ba da shawara kawai, saboda ta yarda da maganar baki.

Ka tuna na ce ka riƙe maganar wajen manyan birane? Aikin Turanci da aka yi a wurin da ya fi kilomita 150 daga Toronto, ko na Faransanci daga Montreal, ana lissafa shi aikin yanki, kuma gidan da ya saye shi yana samun lada a lissafin ambulan ɗinsa na gaba, akwai ma ƙarin tallafi na musamman ga irin waɗannan. Kenan in kana Halifax ko Saskatoon ko Winnipeg kar ka ɗauka an bar ka a baya, ka faɗa musu tun a jimlar farko.

Masu son yin shiri da Hausa kuma, akwai kason da aka ware wa harsunan da ba Turanci ba, ba Faransanci ba, ba kuma na 'yan asalin ƙasar ba, suna kiransa Diverse Languages. Kuɗin kaɗan ne idan aka kwatanta da babban ambulan, kuma har a nan sai ka samu gidan da zai saya, irin su OMNI ko tashoshin Ethnic Channels Group. Tambayar da za su yi maka ita ce su waye za su kalla, don masu jin Hausa a Kanada ba su kai masu jin Panjabi ko Sinanci ko Larabci ba ko kusa. Ni abin da nake gani ya fi yiwuwa shi ne shirin Turanci ko Faransanci wanda mutanen ciki ke magana da Hausa a inda ya dace, a rubuta fassara a ƙasa. 'Yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da ke Kebek suna da wata dama a nan, don kasuwar Faransanci tana da kasonta daban kuma masu kallonta suna son kayan gida ƙwarai. Akwai kuma shirin da asusun ya ware wa kamfanonin baƙaƙe da sauran waɗanda ba farar fata ba, ka yi rajista a PERSONA-ID, wato tsarin da mutum ke bayyana ko shi waye, don da shi suke tantancewa.

Mataki na huɗu, in gida ya nuna sha'awa amma ya ce aikin bai nuna ba, ka nemi yarjejeniyar raya labari. Gidan zai sa nasa kuɗin, asusun ya ƙara, ka biya marubuci ka yi bincike ka ɗauki ɗan gwaji. Sai dai ka sani wannan kuɗin na asusun rance ne, ranar da ka fara ɗaukar shirin gadan-gadan ake mayar da shi, don haka ka sa shi cikin bajet ɗin shirin tun farko.

Mataki na biyar, kwantiragin lasisi. Ba kowane adadi gidan zai biya a ce ya wadatar ba, akwai mafi ƙarancin da dole lasisin ya kai, kuma ya bambanta da irin shirin da harshensa da girman bajet, yana cikin littafin ƙa'idojin da ake sabuntawa duk shekara, ka sauke na shekarar da kake ciki kar ka dogara da na bara. Gidaje biyu ko uku za su iya haɗuwa su cika adadin, misali TVO da Knowledge Network su ɗauki shiri ɗaya kowa ya nuna a lardinsa. Dole kuɗin ya zama tsaba, ba wai za mu ba ka sitidiyo ko kyamara a madadin kuɗi ba. Gidan zai yi alƙawarin nuna shirin cikin wata 18 bayan ka miƙa shi, da rubutun kurame a ƙasa, kuma lasisin yana da wa'adin shekaru, bayan nan haƙƙin ya dawo maka. Ka kula da haƙƙin ƙasashen waje sosai, kar ka bari a haɗe shi cikin lasisin Kanada a kyauta, don shi ne za ka sayar wa tashoshin Afirka ko Turai daga baya.

Mataki na shida, haɗa kuɗin su cika ɗari bisa ɗari. Kuɗin asusun yana zuwa ta fuska biyu: ƙari a kan lasisi, wanda ba a mayarwa, har zuwa kashi 20 na kuɗin shirin, abin da ya haura haka kuma ya zama hannun jari, wato asusun ya zama yana da kaso a shirin kuma zai karɓi nasa in an samu ciniki, duka biyun ba sa wuce kashi 49. Bari in ba da misali da lissafin da na ƙirƙira don a gane kawai. A ce dokumentarinka zai ci dala 400,000. A ce gidajen da suka saya sun biya 100,000, suka kuma ware maka 80,000 daga ambulan. Saura 220,000. A nan rangwamen haraji ke shigowa, wanda a zahiri kuɗi ne ake turo maka ko ba ka da harajin biya. Na tarayya kashi 25 ne na albashin ma'aikata 'yan Kanada, amma albashin da za a lissafa ba zai wuce kashi 60 na kuɗin shirin ba, kenan iyakarsa kashi 15 na bajet. Na lardi ya fi tsoka, Ontariyo kashi 35 na albashi, wanda ke yin shirinsa na farko ana ba shi 40 a kan dala 240,000 na farko, da ƙarin 10 in an yi aikin a wajen yankin Toronto, Manitoba kuwa daga 45 take farawa. Ka lura na lardi yana rage na tarayya, haka ma hannun jarin CMF, amma ƙarin lasisi ba ya ragewa, shi ya sa dole ka samu akanta wanda ya san harkar fim, ba wanda ke cike maka harajin shekara ba. Abin da ya rage sai a nema a asusu masu zaman kansu kamar Rogers Documentary Fund ko Bell Fund, ko kuɗin gaba daga kamfanin da zai sayar maka da shirin a waje. Da yawa suna cike giɓin da jinkirta nasu albashin, ni dai ina roƙonka kar ka jinkirta duka, kai ma kana da haya da iyali.

Sai yanzu muka zo fom. Gidan talabijin zai sa hannu a takardar da ke nuna nawa ne lasisi kuma nawa ya ware maka daga ambulan, kai kuma ka buɗe akawun a Dialogue, shafin Telefilm da ake tura komai ta cikinsa, ka yi wannan da wuri don tantance kamfani yana ɗaukar kwanaki. Za ka ɗora bajet a kan tsarin da suka amince da shi, jadawalin inda kowace dala za ta fito, takardun mallaka, takardun kamfani, jerin manyan ma'aikata da matsayinsu na zama, jadawalin aiki. Akwai ranar rufewa, kar ka kai kanka ranar ƙarshe. Za a haɗa ka da ma'aikacin da zai duba fayil ɗinka, zai dawo maka da tambayoyi, ka amsa da sauri kuma kar ka ji tsoron kiransa, aikinsa ke nan. A gefe guda ka tura neman kashin farko na takardar shaidar CAVCO da ta lardi.

Abin da ba a cika gaya wa sabo ba shi ne duk wannan kuɗin a takarda yake, ba ya zuwa lokaci ɗaya. Gidan talabijin zai biya kashi-kashi, wani in an sa hannu, wani in an fara ɗauka, wani in an ga yankan farko na editin, na ƙarshe in ka miƙa. Asusun ma yana riƙe wani kaso sai an rufe lissafi. Rangwamen haraji kuwa sai ka gama shekarar kuɗin kamfanin ka tura wa hukumar haraji, ana iya shafe shekara ko fiye kafin ya shigo, alhali mai kyamara da edita duk sati biyu suke son kuɗinsu. Yawancin furodusoshi bashin banki suke ci su jingina waɗannan takardun, RBC da National Bank suna da sassa na musamman don haka, kuma akwai ruwa a kai. Na san wannan babbar magana ce ga da yawa daga cikinmu, ni ma ta dame ni. In ba za ka ci bashi mai ruwa ba toh ka tsara tun farko: ka roƙi gidan ya matso da biyansa gaba, ka rage girman shirin, ka samu abokin haɗin gwiwa da ke da kuɗin juyawa ya shigo a matsayin mai kaso, ka kuma yi magana da malamin da ka yarda da shi tun kafin ka sa hannu, ba sai aiki ya kai tsakiya ma'aikata na jiran albashi ba.

Lokacin ɗauka kuma ka ajiye kowane rasit, har na fakin. Ka yanki inshorar aiki da inshorar kariya daga ƙarar haƙƙin mallaka ko ɓata suna, babu gidan da zai nuna shirinka babu ita. Duk wanda fuskarsa ta fito ya sa hannu a takardar izini, duk kiɗan da aka ji an biya haƙƙinsa, ko da waƙar biki ce da ke tashi a rediyon mota a bayan mai magana. In za ka yi aiki da 'yan ƙungiyar jarumai ACTRA ko ta marubuta ko ta daraktoci, akwai mafi ƙarancin albashinsu, ka sa a bajet. Kuma kar ka canza darakta ko edita ko jarumi ba ka sanar ba, canji ɗaya zai iya zubar maka da maki.

Masu aikin intanet zalla, ku ma ga naku a taƙaice. Jerin shiri da CBC Gem ko Crave suka saya yana bin hanyar ambulan ɗin nan da na bayyana. Wasannin kwamfuta da ayyukan gilashin gani-kamar-gaske suna da nasu ɓangaren da ba ya buƙatar gidan talabijin, alƙalai ne ke zaɓa, gasa ce mai zafi. A 2023 ma asusun ya fara wani shirin gwaji na masu YouTube da TikTok da suka riga suka tara mabiya, don su mayar da abin kasuwanci.

In ka gama ka miƙa shirin yadda gidan ya tsara, da rubutun kurame da bayanin murya na makafi in an buƙata, da tambarin CMF a ƙarshen shirin. Sannan ka rufe lissafi, babban bajet sai akanta mai zaman kansa ya bincika ya sa hannu, ka tura wa Telefilm a sako maka ragowar kuɗinka, ka nemi kashi na biyu na takardar CAVCO kafin wa'adinta ya wuce don in ya wuce za a ce ka dawo da rangwamen da ka karɓa. In akwai hannun jarin asusun a shirin za ka ci gaba da tura rahoton ciniki. Ranar da za a nuna shi kuma ka tashi tsaye ka sanar da jama'a, masallaci, coci, ƙungiyoyin 'yan gida, guruf-guruf na WhatsApp, kowa ya kalla a tashar ko a manhajarta maimakon jiran wani ya turo masa kwafi, don alƙaluman kallon nan suna shiga lissafin ambulan ɗin gidan na gaba, kuma su mai sayen shirin za ta buɗe ta duba ranar da ka koma mata da labari na biyu.